Sau Nawa Ake Ba Lemo Ruwa?

Litinin, 4 ga Fabrairu

'Yata Nas,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ƙaninsa Direba. Ni dai ga ni a gidan ɗana. Idon dama ya rufe, na hagu yana ganin mutane kamar ta bayan labule. Likita ya ce ba zai cire yanar ba sai jinina ya sauka. Na ce masa to ya gyara zama, domin abin da ya hau da jinin nan ya girme shi.

A watan nan aka cika shekara talatin da ɗaya da na aika wa kwamitin tsara kalmomin kimiyya takardata, har yau ban ga amsa ba. Ba ki san labarin ba, saboda ba ki taɓa zama a gidana har a kai ga ba ki labari ba. Kakarki da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, amma tun da kika yi aure ban ga ƙeyarki ba sai ranar da matata, Innarki, ta rasu, sai kuma ranar da kika ji zan tafi jinya gida zai zama babu kowa. Na miƙa miki makullai.

Ku kwana a ɗakunan, ku sha ruwan famfon. Littattafan ma in kun ga dama ku ɗora tukunya a kansu, ba wanda zai ji ciwo. Abu ɗaya na bar miki amana: lemun tsamin da ke cikin rabin duro a tsakar gida. Innarki ce ta shuka shi shekarar da aka yi mini ritaya, ta sa shi a duro saboda tsakar gidan siminti ne. Bai taɓa haihuwa ba. Ranar da zan taho na ga ya yi fure, ita kuwa ba ta nan balle ta gani.

Ki riƙa ba shi ruwa a kai a kai.

Ki ba Direba amsa, tunda motarsa tana shigowa garin nan kowane mako. Lambar wayarki da kika rubuta mini tana nan a kan teburin falo inda kika ajiye ta. Ba na magana a waya. Abin da ba a rubuta ba, ba a faɗa ba.

Kawunki

*

Asabar, 9 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya saukar da jinin. Mu duk lafiya lau, sai maigida da ke fama da mura, ya cika gidan da atishawa da gawarwakin rediyon mutane. Ya mai da ɗakin baya wurin gyara, amma littattafanka ba a taɓa ko ɗaya ba.

Maganar rashin zuwa, na karɓi laifina. Aikin asibiti ne, Kawu, wata rana sai na dawo gida nake tuna ban ci abinci ba.

Lemo yana nan lafiya, furen ya ƙaru, har ƙamshi yake yi da safe. Sai dai ina da tambaya. Ka ce a ba shi ruwa a kai a kai. Mu a wurin aiki, idan likita ya rubuta haka a katin mara lafiya, mayar masa da katin muke yi. Sau nawa, Kawu? Kullum ne, ko bayan kwana biyu? Buta ɗaya ko bokiti? Ni ban taɓa renon ko albasa ba, maigida ya fi ni jahilci, Direba kuwa ya ce shi abin da ya sani game da bishiya shi ne kada ka yi karo da ita.

Ka ba ni adadi kawai, zan riƙe shi kamar magani.

'Yarka

*

Alhamis, 14 ga Fabrairu

'Yata,

Na samu takardarki. Ki gaishe da mai mura. Jinina yana nan inda yake.

Kin tambaye ni sau nawa. Ba ki san abin da kika taɓo ba. Wannan tambayar ce ta cinye mini rabin rayuwa, kuma tunda kwamiti ya ƙi saurarena, ke za ki saurara, don a gidana kike.

Abin da na rubuta musu shi ne, kusan kowane fanni na ilimi yana tambayar sau nawa abu yake dawowa, saboda haka kalma ɗaya ta ishe su duka: maimaituwa. Ki ɗauki kimiyyar da na koyar. Idan kika rataya dutse a zare kika sake shi, zai je ya dawo, ya je ya dawo. Yawan zuwa da dawowarsa cikin daƙiƙa ɗaya, maimaituwa ce. Muryar mace ta fi ta namiji sirantaka domin maƙogwaronta ya fi saurin karkarwa, wannan ma ita ce. Mijinki, idan yana murɗa rediyo yana neman tasha, ita yake nema, ko da yake na tabbata bai sani ba. Shi mita yake cewa.

Ki zo fanninku. Idan kika riƙe wuyan hannun mara lafiya kina kallon agogo, me kike ƙirgawa? Idan kika rubuta safe, rana, dare a jikin ambulan magani fa? Ki koma ƙididdiga: a aji mai yara hamsin, mutum nawa suka ci sifili? Wannan na san shi da kyau. A nazarin harshe kuma ana duba kalmar da ta fi yawan fitowa a rubutu. Na taɓa gwadawa da rahoton kwamitin nan, kalmar da ta zo ta ɗaya ita ce alawus. Hatta Direba yana da tasa, domin an ce motarsa tana zuwa mako-mako, ko da yake wannan a baki ne.

Kalma ɗaya, 'yata, ta haɗa duk waɗannan. Yaro ya koye ta sau ɗaya ya huta. Amma kowane sashe ya ce sai an ba shi tasa, kamar masu rabon gado. Suka fito da kalmomi biyar, uku daga ciki ko su ba sa iya furtawa. Shugabansu kuwa wani ne da muka yi aji ɗaya, wanda ya yi shekara huɗu yana leƙen takardata a jarrabawa har wuyansa ya karkace. Da wannan wuyan ya zama farfesa. Ni na ƙare ina koya wa 'ya'yan mutane lilon dutse, suna jifan juna da dutsen.

Ina fata yanzu kin fahimci amsar tambayarki.

Kawunki

*

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Kawu,

Barka da war haka, ya ƙarfin jiki? Murar maigida ta warke, ta koma kan Direba.

Na karanta wasiƙarka sau uku ina neman adadin, har na juya bayan takardar. Daga nan na karanta musu a wurin cin abinci ko wani zai gano abin da ya wuce ni. Direba ya yi barci a daidai ƙididdiga. Maigida kuwa ya ji daɗi ƙwarai da ka ambaci sana'arsa, yanzu duk wanda ya kawo rediyo sai ya ce masa maimaituwarsa ce ta lalace, ya ƙara masa kuɗin gyara.

Da muka rasa adadi, maigida ya ce ai Kawu ya gama magana: kowane fanni da tasa maimaituwar, saboda haka kowa ya bi ta fanninsa. Ni ina ba shi safe, rana, dare. Direba yana zuba masa kafin ya fita da bayan ya dawo, kamar yadda yake wa lagireton motarsa. Maigida ya ce ta rediyo dubbai ce a daƙiƙa, ba zai iya ba, amma duk lokacin da ya gifta ta tsakar gida yana zuba kofi ɗaya. Banɗaki kuwa ta nan ake bi.

Ya kuma yi maka wani gyara. Ya lura duk ruwan da muka zuba zurarewa yake yi ta ƙasa. Da ya kwantar da kai ya leƙa, sai ya ga gindin duron duk huji ne, har guda shida. Ya ce tsufa ne. Ya liƙe su tsaf da kwalta, yanzu ko ɗigo ba ya fita.

Abu ɗaya ke damuna. Furen ya fara zuba, ganyen ƙasa kuma sun soma yin rawaya.

'Yarka

*

Juma'a, 1 ga Maris

Nas,

Ina gaisuwa. Kada ki tambayi jinina.

Ganye ya yi rawaya, kuma kina tambaya? Ƙishirwa ce. Na koyar da yara fiye da dubu, na san yadda rahoton wanda bai yi aikin gida ba yake. Yana da tsawo, yana da tsari, kowa yana da rabonsa a ciki. Safe, rana, dare! Ke da kika ce sai kin dawo gida kike tuna ba ki ci abinci ba, ke ce za ki tuna da bishiya? Na san irin ba da ruwanku. Irin zumuncinku ne, a yayyafa a wuce.

Innarki ta yi shekara tara da lemon nan, ban taɓa ganin ganye ɗaya ya canza launi ba. Ku kun yi wata guda. Ita ba ta yi makaranta ba, ba ta da farar riga, ba ta da agogo a ƙirji.

Duk abin da kuke ba shi, ku ninka.

Mijinki kuwa, ki ce masa na yaba. Tun da na san shi, liƙe duron nan ne abu na farko mai ma'ana da ya yi. Na sha ganin ruwa yana malala a tsakar gidan, na yi wa Innarki magana a kan ɓarna, ta yi dariya ta wuce. Da kwamitin nan ya samu mutum ɗaya mai toshe huji kamarsa, da ba haka ba.

An sa ranar aikin idona, sha biyu ga wata. Likita ya ce jinin ya sauka kaɗan. Ya auna ne kafin takardarki ta iso.

Kawunki

*

Lahadi, 10 ga Maris

Kawu,

Muna gaisuwa, muna kuma addu'a Allah ya sa a yi aikin a sa'a.

Wasiƙarka ta yi mana zafi, ba zan ɓoye maka ba. Direba ya ce shi an taɓa kiransa ɓarawon canji, an taɓa kiransa makaho, amma ba a taɓa cewa ya bar abu da ƙishirwa ba. Yanzu da jarka yake zuwa. Maigida tun da ya ji ka yabe shi ya koma bokiti. Ni kuma, don kada a ce ina wurin aiki an yi sakaci, na samo tsohuwar ledar ƙarin ruwa, na cika ta, na rataye a igiyar shanya, na soke bakin a gindin lemon. Yana samu dare da rana. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce mini sannu da jinya.

Amma Kawu, ba ya samun sauƙi. Ganyen sama ma sun yi rawaya, suna zuba da kansu. Ƙasar duron ta daina shan ruwa, sai ya kwanta a kai. Akwai wani wari kamar na kwata. Sauro ya yi yawa, shekaranjiya kuma muka tarar da kwaɗo a ciki, ya yi zamansa kamar shi ma an ba shi makulli.

Labari mai daɗi ɗaya: a reshen da ke kallon taga akwai ɗan lemo guda, kore, kamar kan babban yatsa.

Kada ka ji haushi, tambaya ce irin tamu ta asibiti, muna yi wa kowa. Kai da hannunka, ka taɓa ba shi ruwa? In ka taɓa, nawa ka zuba?

'Yarka

*

Alhamis, 14 ga Maris

Nas,

Wannan ba rubutuna ba ne. An yi aikin, an naɗe mini fuska kamar ƙunshin kaya, surukata ce ke rubutawa ina faɗa. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa mini sukari.

Tambayarki ta ƙarshe rashin kunya ce, ba zan amsa ba. Namiji mai karatu yana da abin yi a gida ban da yawo da buta.

Ga abin da ya faru. A da ni kaɗai nake karanta wasiƙunki, in kai su bakin taga in manna a hanci. Jiya dole ta sa na ba surukata ta karanta a falo. Ɗana yana gefe yana danna waya. Da aka zo kan ledar ƙarin ruwa sai na ji ya daina dannawa. Da aka zo kan kwaɗo sai ya ajiye wayar, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

Ya ce, "Baba, wane lemo? Na Mama?"

Na ce akwai wani ne?

Ya ce, "Ai Mama ba ta ƙirga komai. Yatsa take sokawa a ƙasar. In ya fito da danshi ta wuce, in ya fito a bushe ta zuba rabin buta. Wani lokaci sai ya yi mako bai sha ba. Haka ta nuna mini, haka na riƙa yi bayan rasuwarta kafin mu taho. Hujin ma ni na huda mata da ƙusa."

Na ce me ya hana ka faɗa tun farko? Ya ce ba a tambaye shi ba. Wannan shi ne yaron da na biya wa makaranta.

Saboda haka ki saurara. Ku daina ba shi ruwa, dukanku, yau ɗin nan. Ki cire masa ledar. Mijinki ya ɓare kwaltar nan da ya liƙa ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Ku kwantar da duron ruwan ya tsiyaye, ku ja shi rana. Kada kowa ya ƙara zuwa kusa da shi da abu mai ruwa, ko shayi ne.

Ɗan lemon nan kada a taɓa shi.

Kawunki

Yaya Nas, ni ce surukarsa. Mun so mu kira ki, sai muka ga babu mai lambarki a gidan nan. Na kawo wa Direba takardar nan da kaina a tasha, ya ce gobe zai taso. Baba bai ci abinci ba tun jiya.

*

Laraba, 3 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ji an yi aiki lafiya, Allah ya ƙara haske.

Wasiƙarka jiya ta zo hannuna. Injin motar Direba ya buga a hanya ranar da ya taso daga wurinku. Aka ja ta zuwa garejin wani ƙauye, shi ya hawo wata motar ya dawo, ya manta takardar a aljihun gaban mota. Sai jiya aka gama gyara ya ɗauko motar. Da na tambaye shi ko Kawu ya ba da saƙo, ya ce akwai, amma ai ya san abin da ke ciki, a ƙara ruwa ne. Muka ƙara.

Jiya da na karanta, ban ko cire takalmi ba muka kwantar da duron. Maigida ya ɓare kwaltar yana ta ba da haƙuri, ban san ko ni yake ba ko lemon ba. Ruwan da ya fito baƙi ne. Da na kama gindin don in gyara shi, sai ya biyo hannuna gaba ɗaya. Saiwar ta ruɓe, tana narkewa a yatsa. Na kankare bawon da farce har ƙasa ko zan ga kore, ban gani ba.

Mun yi iya abin da muka sani, Kawu. Babu ranar da ya kwana ba a kula da shi ba.

Ɗan lemon ya faɗo da kansa tun makon jiya. Na naɗe shi a auduga, yana cikin ambulan nan. Na rubuta lambata a baya, ko surukarka za ta so.

'Yarka

*

Talata, 9 ga Afrilu

'Yata,

Na samu saƙo. Ina gaishe ku duka, har Direba.

An kwance mini ido. Ina gani tar, har abin da ban nema ba. Ashe fentin gidan ɗana shuɗi ne, ashe likitan yaro ne ƙarami. Abu na farko da na karanta da sabon idon takardarki ce.

Ki ce wa mijinki ya daina ba da haƙuri, ya ishe ni haka. Duron kuma kada a jefar, ku jingine shi a bayan ɗaki. Na ba surukata lambarki, ta ce za ta kira ki ranar Lahadi. Idan ina kusa wataƙila in karɓa, ban yi alkawari ba.

Ɗan lemon yana kan taga. Ya fara yamushewa. Ɗana ya yanka gefensa ko za a sami iri a shuka, bai kai ga yin iri ba.

Bishiya ɗaya Innarki ta shuka a rayuwarta, kuma ta mutu.

Kawunki